Linkin Malam da datar Alhaji

Alhaji Salifu: Salamu alaikum 'yan uwa. Na yi magana ta murya ɗazu, na ga da yawa ba ku saurara ba, to ga shi a rubuce. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na sayi data. Yau Lahadi, ko la'asar ba a kira ba aka turo mini saƙo wai ta ƙare. Ni ba na kallon ƙwallo a waya, ban san TikTok ba. Daga Aboabo sai rumfata a kasuwar Kejetia nan Kumasi, daga rumfa sai wannan zaure na WhatsApp. Da na zauna na duba, sai na ga linkin da Malam Isiyaku ya turo jiya. Ya cika fuskar wayata tun daga sama har ƙasa, sai da na ja da yatsa kafin in ga ƙarshensa. Duk alamar kaso ne da lambobi, babu kalma ɗaya da ɗan Adam zai karanta. Tunda ni kuka ba riƙon zauren nan, ga hukunci: daga yau linkin da ya wuce layi biyu zan goge shi. Kuɗin data ba a ƙasa ake tsinta ba.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya huci zuciyarka. Darasi ne a kan rabon gado, na ga an yi tambaya a kai makon jiya. Ni dai kwafowa na yi na liƙa. A wayata da Larabci taken ya fito, gajere, ban san inda ya samo wannan tsawo ba.

Awudu: Wallahi ni ma da na gani na ɗauka wayar Malam ce ta kamu da cuta.

Hajiya Memuna: Ni tawa ma ba ta kwana uku yanzu. Salifu ya yi gaskiya, a rage.

Mutala: Baba Alhaji, abin mai sauƙi ne. Akwai shafukan da ke gajarta linki, irin su bit.ly da TinyURL. Ka zuba dogo, su ba ka ɗan guntu da bai kai rabin layi ba. Duk mai son turo abu ya fara bi ta can. Wanda bai iya ba ya same ni a shago a Adum in nuna masa, ba sai ya biya ba.

Alhaji Salifu: Madalla Mutala. Ka ji masu sana'a.

Rukaya: Kawu ina wuni. A yi mini afuwa in sa baki, don abin ya shafi karatuna. Na kwafi linkin Malam na sa a kwamfuta ta ƙirga mini: haruffa 412 ne. A lissafin data, kowane harafin boko mara lanƙwasa ko lamba bayit ɗaya ne. Bayit dubu shi ne kilobayit, kilobayit dubu shi ne mega, mega dubu shi ne giga. Ke nan linkin bai kai rabin kilobayit ba. Sai an turo maka irinsa kusan sau 2,400 kafin ya ci mega ɗaya tak. Mu 186 ne a zauren nan. In aka haɗa abin da ya ci a wayoyinmu gaba ɗaya, kilobayit 77 ne, bai kai hoto ɗaya na kirki ba.

Alhaji Salifu: Rukaya, da yayyafi kogi kan cika. Yau ɗaya, gobe ɗaya.

Rukaya: Haka ne Kawu. Amma saƙon muryar da ka turo ɗazu na minti huɗu, na duba nauyinsa, kilobayit 480 ne. Ya fi linkin Malam nauyi sama da sau dubu.

Awudu: Innalillahi. Rukaya ki ji tsoron Allah, a gaban jama'a?

Hajiya Memuna: Yarinyar nan tun tana ƙarama bakinta bai da ƙofa. Uwarta ta biyo.

Alhaji Salifu: Ku bar ta. Ni ɗan kasuwa ne, in lissafi ya fito ba na gardama da shi. Amma ki fahimtar da ni yadda zan gane. Abu ya cika mini waya, ki ce bai da nauyi. Murya kuma ɗan layi ɗaya ce da alamar kunnawa, ki ce ita ce mai nauyi. Idona ne ke mini ƙarya?

Rukaya: Kawu, in za ka aika huhun goro zuwa Ankara, babban birninmu na Ghana, kana rubuta sunan mai karɓa a jikin buhu. Wani ka rubuta suna kawai, wani ka rubuta suna da unguwa da lambar waya da kusa da masallacin wane. Direba ya taɓa ƙara maka kuɗin mota saboda rubutun ya yi yawa? Goron yake aunawa. Linki rubutun jikin buhu ne. Kayan su ne abin da ke saukowa bayan ka latsa: hotunan shafin, tallace-tallace, bidiyon da ke kunna kansa. Shafin intanet na tsaka-tsaki a yau ya haura mega biyu. In ka buɗe shafin da Malam ya turo, abin da zai sauko zai iya ninka adireshin sau dubu biyar. In ba ka latsa ba kuwa, rubutun kawai ka biya, sai ɗan ƙaramin hoton da WhatsApp ke liƙawa a samansa.

Alhaji Salifu: Ban latsa ba. Tsoronsa ma na ji.

Malam Isiyaku: To 'yata, ni tambayata daban ce. Me ya mayar da Larabcina lambobi? Na ji ba daɗi, kada mutane su ɗauka wani abu na turo.

Rukaya: Malam ba laifinka ba ne. Tun asali an tsara adireshin intanet da haruffan Turanci ne kawai, da lambobi da 'yan alamomi. Duk harafin da ba ya cikinsu sai an canza masa kaya kafin ya wuce. Harafin Larabci ɗaya bayit biyu ne, kowane bayit kuma ana rubuta shi da alamar kaso da alamomi biyu. Sai harafi ɗaya ya zama shida. Alif shi ne %D8%A7, lam shi ne %D9%84. Ka duba linkinka za ka ga waɗannan biyun a jere sau da yawa, alif da lam ne na farkon kalmomi. Taken darasin haruffa 52 ne, suka koma 312. A saman burauza ana mayar maka da shi Larabci don ka iya karantawa, amma in ka kwafa sai ya fito da kayan aikinsa.

Malam Isiyaku: Allahu akbar. Na duba, ga su nan kuwa. Ashe Larabcin yana nan, rawani kawai ya sauya.

Rukaya: Mu ma Hausa bai bar mu ba. Ƙaramin ƙ mai lanƙwasa yana zama %C6%99, ɗ yana zama %C9%97, ɓ yana zama %C9%93. Ko fili tsakanin kalma da kalma %20 ne. Shi ya sa shafukan Hausa da yawa ke cire lanƙwasa a adireshi.

Mutala: Duk na yarda. Amma ko bayit ɗaya ne ai ragi ragi ne. Gajeren linki dai ya fi dogo sauƙin data, wannan ba sai an je jami'ar Tech ba.

Rukaya: Yaya Mutala, a nan ne ma abin ya juye. Gajeren ya fi cin data.

Mutala: Haba dai.

Rukaya: Gajeren linki ba ya kai ka shafin kai tsaye. Wayarka za ta fara tambayar ina kamfanin gajartawar yake, ta je can, su gaisa, ya nuna mata takardar shaidarsa ta tsaro, wadda ita kaɗai kilobayit ce da dama. Bayan duk wannan sai ya miƙo mata me? Dogon adireshin nan dai da kake gudu. Sannan ta kama hanya ta tafi inda ya kamata ta je tun farko. Kamar ka tashi daga Asawase za ka Tafo, ka fara zuwa Kejetia don a gaya maka sunan unguwar. Kuɗin ba yawa, amma ƙari ne ba ragi ba, ga jinkiri in sabis ba ƙarfi.

Mutala: To me ya sa duk duniya ke amfani da su?

Nuhu: Salamu alaikum, gaisuwa daga unguwar Nima a Ankara. Yanzu na taso aiki na tarar da saƙo sittin. Mutala, ba don data aka yi su ba, don wuri aka yi. TinyURL tun 2002 yake, lokacin da dogon adireshi ke karyewa gida biyu a cikin imel ya ƙi buɗuwa. Bit.ly ya zo a 2008, ya samu kasuwa saboda Twitter na wancan lokaci haruffa 140 kawai yake ba ka, linki ɗaya sai ya cinye maka rabin magana. Daga baya Twitter ya yi nasa, kowane linki komai tsawonsa haruffa 23 yake ƙirga shi. Yanzu kamfanoni na son su ne don suna ƙirga musu mutum nawa ya latsa, daga ina, da wace waya.

Nuhu: Amma Rukaya, kada mu kore maganar Baba Alhaji gaba ɗaya. Yayyafin nan da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba a rufinsa yake sauka ba. Mu masu gina shafuka muna kula da shi. Ɗauki kamfanin da ake buɗe shafinsa sau biliyan ɗaya a rana. In ya rage bayit 100 a kowace buɗewa, giga 100 ya tsira da ita kullum. Kuma shafi ɗaya zai iya ɗauke da linki ɗari uku a cikinsa, in kowanne na jan doguwar wutsiya shafin zai ƙara nauyi.

Alhaji Salifu: Yauwa Nuhu. Allah ya yi maka albarka. Na san ruwa ba ya tsami banza.

Rukaya: Yaya Nuhu, ka ƙarasa masa lissafin mana. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya da hoto mai kyau na iya cin giga uku. Giga ɗarin nan taka, mutum goma sha ɗaya ne kowa ya kalli fim na awa uku. Buɗewa biliyan ɗaya a gefe guda, layin gidan su Kawu a daren Sallah a ɗaya gefen. Kuma ka san ana matse rubutun shafi kafin a aiko shi, adireshi masu kama da juna su ne suka fi matsuwa.

Nuhu: Na sani ƙanwata, ban ce kin yi kuskure ba. Har ma in ƙara miki: data ba harafi-harafi take tafiya ba, ƙunshi-ƙunshi take, kowane ƙunshi na ɗaukar wajen bayit 1,500. Adireshi mai haruffa 40 da mai 400 sau da yawa ƙunshi ɗaya suke shiga. Kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayarka, waɗanda waya ke haɗawa da kowace buƙata, su ma sukan fi adireshin girma, ba wanda ke ganinsu balle ya yi fushi da su. Abin da nake cewa shi ne tambayar Baba ba ta wauta ba ce. Mutumin da ya ƙirƙiro yanar gizo, Tim Berners-Lee na Ingila, a 2009 ya amsa da bakinsa cewa sandunan nan biyu masu jirgewa da ke bayan http ba su da wani amfani, da zai sake da bai sa su ba. Abin da ya dame shi kuwa takardar da aka ɓata wajen buga su da lokacin mutane wajen rubuta su.

Awudu: Wato shi ma Alhajin turawa ne.

Alhaji Salifu: Awudu zan cire ka.

Baba Alhasan: Ni tsoho ne, karatu nake ina shiru. Tambaya ɗaya. Lokacin da intanet ta ɗauke a azumin 2024, kwana da kwanaki ko MoMo, tura kuɗi ta waya, da kyar, ba cunkoson irin waɗannan abubuwa ne ya toshe ta ba?

Nuhu: A'a Baba. Wannan ranar 14 ga Maris ce, wayoyin da ke ƙarƙashin teku ne suka katse, guda huɗu: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Ba mu kaɗai ba, har Najeriya da Kwaddibuwa da Laberiya sun ji a jikinsu. Abu biyu ne muke haɗawa wuri ɗaya. Akwai faɗin hanya, wato yawan abin da zai iya wucewa a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma yawan kayan da kai ka ɗauko, shi ne datar da kake saya. A ranar hanyar ce ta rufta, aka koma bi ta 'yar siririyar da ta rage. In ka tuna, saƙon rubutu yakan lallaɓa ya wuce a lokacin, hoto da bidiyo ne ke tsayawa suna juyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wane ne mai nauyi.

Baba Alhasan: Haka aka yi kuwa. Jikana na Jamus rubutunsa na shigowa, hoton jaririn sai bayan kwana uku na gani.

Awudu: To ni bari in kawo inda tsawo ke cin kuɗi na gaske, don ni ne sakatare, ni ke fitar da kuɗin. Sanarwar addu'ar bakwai ta marigayiya Inna da muka tura ta tes, wato SMS, ga dattawan da ba sa WhatsApp. Mutum 140. Na sa linkin taswirar gidan saboda baƙi masu zuwa daga Tamale da Techiman. Da na duba, kowane mutum an caje mu saƙo huɗu. Rukaya, wannan ma idona ne?

Rukaya: A'a Yaya Awudu, wannan kai ke da gaskiya, kuma na manta da shi. Tes ba a lissafa shi da data, da haruffa ake yi. Saƙo ɗaya haruffa 160 ne. In ya wuce, sai a raba shi, kowane yanki 153. Amma saƙo huɗu ya yi yawa. Ka rubuta da haruffa masu lanƙwasa?

Awudu: Ƙwarai. Malam ya hana mu rubuta ƙasa kamar kasa.

Rukaya: To shi ne. Harafi ɗaya mai lanƙwasa ko na Larabci in ya shiga, duk saƙon sai ya koma wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kawai, in an raba kuma 67. Linkin taswira ya cinye biyu, gaisuwa da sanarwa suka cinye biyu.

Malam Isiyaku: Yau dai duk inda aka juya ni ne. To a tes na yafe, a rubuta ba lanƙwasa. Amma a guji kalmar da za ta sauya ma'ana, kada a gayyaci mutane wani abu daban.

Nuhu: A tes gajartawa na da amfani, da kuma lambar QR da ake bugawa a katin aure. In adireshin ya yi tsawo, ɗigogin sukan yi ƙanana su cushe, tsohuwar waya ta kasa karantawa, balle in madaba'a ta yi ƙarancin tawada. Sai dai kada a dogara da gajeren linki a abin da ake so ya daɗe. Google na da nasa, goo.gl, ya daina ba da sababbi, daga baya a 2025 ya kashe waɗanda aka daina latsawa. Shafin na nan da ransa, amma ɗan sandan da ke nuna hanyar ya tashi.

Hajiya Memuna: Ni fa tunda kuka ambaci gajeren nan gabana ya faɗi. Kafin Babbar Sallah wata ƙawata ta turo mini irinsa, ɗan guntu, wai kamfanin layi na rabon kyautar data da kuɗi. Na latsa. Shafi ya buɗe da kalarsu da tambarinsu, komai daidai. Aka ce in sa lambata, na sa. Aka ce in tura wa mutum goma, na tura, wasunku ma kun samu. Can sai ga kira, wani mai ladabi, Hajiya kaza Hajiya kaza, wai in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Allah ya taimake ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, na ce ya kira anjima. 'Yata ta dawo makaranta ta gani ta ƙwace wayar. Da kuɗin adashin mata goma sha biyu ya tafi.

Mutala: Irin wannan kullum sai an kawo mini a shago, wasu bayan an riga an kwashe. Ba latsawar ke ɗaukar kuɗi ba Hajiya, lambar sirri ko lambar da aka turo miki suke nema. Amma na yarda, gajeren na ɓoye inda za a kai ka. Na janye maganata ta ɗazu, Baba Alhaji kada a mayar da shi doka.

Rukaya: Dogon ko ba komai fuskarsa a buɗe take. Ga yadda ake dubawa. Bayan sandunan nan biyu, ku bi rubutun har inda kuka fara cin karo da sanda ɗaya. Abin da ke dab da ita ta hagu shi ne sunan mai gidan. In ya ƙare da gov.gh kafin sandar, na gwamnati ne. In kuwa gov.gh na gaba, sannan aka sa ɗigo aka ƙara wani suna kafin sandar, to wancan na ƙarshen ne mai gida, na farkon ado ne aka rataya don a ruɗe ku.

Hajiya Memuna: Wannan sai kin zo gida kin nuna mini da yatsa.

Alhaji Salifu: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini wutsiyar nan dole ce. In rubutun buhu ne, ni ban taɓa rubuta tarihin kakan mai karɓa a jikin buhu ba.

Nuhu: Nan kam ina bayanka Baba. Ƙarshen linkin Malam akwai alamar tambaya, sai fbclid, sai haruffa wajen sittin. Wannan ba ya cikin adireshin darasin. Facebook ne ya liƙa don a san daga wurinsa aka fito. Haka in kun ga utm_source da 'yan uwansa, na masu talla ne. YouTube na sa si, Instagram na sa igsh. Ba sa cin data da za a ji, amma shaida ce ake bin sawu da ita. Ni ina yanke su kafin in tura, ba don tsimi ba, don ban ga dalilin da zan yi wa wani kamfani dako kyauta ba.

Mutala: A taƙaice, duk abin da ke bayan alamar tambaya a goge.

Awudu: Na gwada yanzu da wa'azin da zan turo, na goge bayan alamar tambaya. Ya kai ni YouTube amma babu wa'azin. Mutala ka biya ni datata.

Rukaya: Yaya Mutala yau ba ranarka ba ce. Ba duka ake gogewa ba. A dogon adireshin YouTube, bayan alamar tambaya akwai v da alamar daidai da haruffa 11, su ne sunan bidiyon kansa. In ka cire su ka cire kayan. A gajerensa na youtu.be kuwa haruffa 11 ɗin na gaban alamar tambaya, to nan za ka iya yanke wutsiyar. Dabarar dai ita ce in ka yanke, ka buɗe da kanka ka gani kafin ka turo wa mutane.

Mutala: Ni gyaran fuska da wurin caji na iya, na bar muku wannan.

Alhaji Salifu: To yanzu wa ya ci datata? Kun wanke Malam, kun wanke linki. Kuɗina dai sun tafi.

Mutala: Wannan kam fagena ne. Baba buɗe WhatsApp, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Settings, sai Storage and data, sai Network usage. Zai jera maka: kira nawa ya ci, hotuna da bidiyo nawa, rubutu nawa, status nawa. Ka ɗauki hoton fuskar ka turo, ko ka karanto mana.

Alhaji Salifu: Ku dakata in nemo tabarau.

Alhaji Salifu: Wajen Messages an rubuta 31 MB. Wajen Media an rubuta 9.4 GB. Status 2.1 GB.

Mutala: Wannan tun ranar da ka sayi wayar a hannuna ne, wata bakwai ke nan. Duk rubutun da ka aika da wanda aka aiko maka, har da kowane linki na kowane zaure, mega 31. Hotuna da bidiyo sun ninka shi sau ɗari uku. An bar jaki ana dukan taiki, Baba. Koma baya kaɗan ka duba wajen Media auto-download, layin farko na mobile data. Me aka zaɓa?

Alhaji Salifu: Duka huɗun akwai alama.

Mutala: Shi ke nan. Duk bidiyon da aka jefo a kowane zaure wayarka na sauke shi da kanta, ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Cire alamar daga bidiyo da takardu da sauti. Hoto ma in ka ga dama.

Awudu: Bari in duba me aka turo zauren nan daga Juma'a zuwa yau. Juma'a Mubarak mai furanni da ƙira'a, guda tara. Bidiyon hatsarin hanyar Ankara, mutum uku suka turo abu ɗaya. Sai bidiyon kamu da na wankan amarya na bikin gidan Hajiya, kashi na ɗaya da na biyu, ɗaya mega 96, ɗaya mega 140.

Hajiya Memuna: Awudu, ni ka ke wa tonon silili? Bikin 'yar ƙanwar Salifu ne fa. Shi ya ce in turo don 'yan uwa na Ankara da na waje su gani.

Alhaji Salifu: Na ce ki turo, Yaya. Ban ce ki turo a matsayin takarda ba, an ce haka ya fi nauyi.

Hajiya Memuna: Mai ɗaukar hoton ne ya ce in an tura haka nan fuskar amarya na dushewa. Kuɗi muka biya aka yi mata kwalliya.

Nuhu: Hajiya mafita na nan. A ɗora bidiyon a YouTube ko Google Drive sau ɗaya, a turo linki. Mai so ya latsa lokacin da ya samu wifi, wanda ba ya so bai rasa komai ba.

Awudu: Wato maganin datar Alhaji shi ne a riƙa turo linki.

Malam Isiyaku: Ni ban ce komai ba.

Alhaji Salifu: Na cire alamomin. Malam ka yafe ni, na ɗora maka abin da ba kai ka ci ba. Dokar layi biyu na janye ta. Amma wutsiyar da Nuhu ya ce ba dole ba ce, wanda ya iya ya yanke, don idona ba ya son ta ko da kyauta ce. Kuma duk wanda ya turo linki ya rubuta a samansa ko mene ne, da Hausa. Gajeren da ba a san inda ya nufa ba kuwa, shi zan goge.

Malam Isiyaku: Babu komai Alhaji, Allah ya yafe mu baki ɗaya. To darasin gadon fa, wa ya karanta?

Baba Alhasan: Ni na buɗe. Rubutun ƙanana ne, na bari sai da safe.

Hajiya Memuna: Nuhu, kashi na uku na wurina, na ranar kai amarya, shi ya fi tsawo. Gobe zan ba Rukaya wayar ta ɗora a inda ka ce. Salifu, kai ma kana ciki, wajen da kake raba goro.

Alhaji Salifu: Wannan a turo mini shi kai tsaye. Zan sayi wata datar da safe.